Ruwan Wanke Hannu

Litinin, 4 ga Yuni 1984, hantsi

Gwangwani: sifiri.

Haka nake rubutawa kowace safiya tun da aka turo ni nan Tsamiyar Gambo, garin da aka yanke mini cibiya. Sunansa na gaskiya ma'aunin ruwan sama, amma ba mai kiransa haka sai ni. Yana zaune bisa ƙarfe a filin bayan lakwal, makarantar boko, nesa da itace da katanga, yadda aka koya mana. Aikina in duba shi da safe, in juye abin da ya tara cikin gilashi mai zane-zane, in aika lambar zuwa biro, wato ofishinmu. Daga biro a buga waya, da yamma rediyo ta karanta wa ƙasa duka. Shekara uku na yi a makarantar noma saboda wannan, da wasu abubuwa da ba a tambaye ni ba tukuna.

Ni ne ɗan garin nan na farko da ya dawo da dipulom. Ba alfahari nake ba, haka abin yake.

Shukar watan Mayu ta ƙone ƙurmus. Abin da ya rage mana dami biyu ne na iri, zangarnun da Baffa Danda ya zaɓa da hannunsa tun kaka. Baffa yayan mahaifina ne. Tun da Baba ya rasu shi ke riƙe da gandu, da mu duka. In dami biyun nan suka tafi babu wani. An rufe iyaka, geron Katsina ba ya shigowa, abin da ke kasuwar Mayahi kuwa jar dawa ce ta taimako, ta ci ce ba ta shuka ba.

Azumi ya kama. Inna Shatu, mahaifiyata, tana jiƙa ƴaƴan anza a bayan ɗaki don ɗacin ya fita. A bayan ɗaki, don kada mai wucewa ya san abin da muke buɗa baki da shi. Kowa a garin a bayan ɗaki yake jiƙa nasa.

Laraba, 6 ga Yuni, bayan azahar

Sifiri. Sai dai ba zan iya rantsuwa a kai ba, don na tarar an rufe bakin gwangwanin da faifai, an danne da dutse.

Ban yi hayaniya ba. Na ɗauki faifan zuwa gindin tsamiya inda dattawa ke zama, na gaishe su, na ce ko wani ya manta kayansa. Ba wanda ya san faifai. Baffa yana gyaran ƙotar sungumi, bai ko ɗago ba.

"Mushe," ya ce. Haka yake kirana tun da na dawo, yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci, ko da yake ban taɓa koyar da kowa ba. "In mutum ya kawo maka kyautar hatsi, kakan ɗauko tiya ka auna a gabanshi?"

Na ce a'a.

"To Mai aiko da ruwa, Shi ba Ya gani ne?"

Na ce shekarar da ruwa ya rushe katangar masallacinmu, akwai gwangwani a Tasawa, bai hana komi ba. Wani ya ce ai na Tasawa ne, su can sun saba da rashin kunya. Aka fashe da dariya, har da masu tari.

Liman Ƙadri, wanda ya koya mini baƙi da farfaru kafin a kama ni zuwa lakwal, ya miƙo hannu. Ya karɓi faifan, ya juya shi gaba da baya, ya ce kamar ya san saƙar, ya sa a hammata.

Dariyar ba ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, kullum asuba ina sahun farko, kafaɗa da kafaɗa da su, amma suna ganin ni ne na toshe sama.

Juma'a, 8 ga Yuni, hantsi

Sifiri. Ba faifai yau.

Lahadi, 10 ga Yuni, la'asar

Sifiri.

Shef ɗina, shugabana na biro, ya zo a mobilet, ɗan ƙaramin babur. Sunansa na yanka Haruna, amma tun yana koleji a Tasawa ake ce masa Bature, ya kuma yarda. Ya shige bayan ɗakina ya kunna taba, azumi ko ba azumi. Marabu yake ce mini, wai malamin allo.

"Marabu," in ji shi, "oda ta zo daga sama. Alhamis roƙon ruwa, ko'ina. Kumandan, mai mulkin yankin nan, da kansa zai zo nan, tunda nan ke da gwangwani."

Na ce ba shi ne kullum ke cewa gwamnatinmu ba ruwanta da addini ba?

"Ba ruwanta da addini, mon cher. Farinta ya fi ƙarfinta ne." Ya busa hayaƙi. "Ni oda za ta kai ni. Kai fa? Kai da ka san daga teku hadari ke tasowa, iska ta turo shi, za ka je ka juya riga kamar tsohuwa?"

Na ce na san hanyar da wasiƙa ke bi daga Yamai zuwa nan, da motar da direban da buhun. Sanin hanyar bai taɓa sa na ce ba wanda ya rubuto ta ba.

Ya ce in adana wannan don jarrabawa. 

A makaranta ba wanda ya hana mu salla. Kawai ana so mu tuɓe imani a ƙofar aji kamar takalmi, in an tashi kowa ya ɗauki nasa. Na dawo gida, ga shi ana so in tuɓe karatu a ƙofar masallaci. Ni kuwa kai ɗaya gare ni. Da shi nake sujada, da shi nake lissafi. Ban san inda zan samo na biyu ba, kuma ba na nema.

Alhamis, 14 ga Yuni, azahar

Sifiri da safe.

An fita fili gabas da gari, cikin tsofaffin kaya, da yara da awaki. An raba ƴan awaki da iyayensu, kukan ya cika wurin. Liman ya yi raka'a biyu, ya juya babbar rigarsa ciki ya koma waje, kowa ya juya tasa, don Allah Ya juya mana halin da muke ciki.

Rigar aiki na sa, mai aljihun biro. Da na juya ta sai facin da Inna ta yi mata daga ciki ya fito fili, da duk ɗinkin tela. Na ji kunya, sai kuma na daina. Ai don haka ake juyawa. Mutum ya tsaya gaban Ubangijinsa da ɓangaren da ba a goge ba.

Kumandan yana tsaye bayan Liman da baƙin tabarau. Ba a juya kaki, ashe. Bature yana can baya, hannuwansa a sama, idonsa a kan Kumandan.

Na yi kuka. Na rubuta ne don gaskiya ce.

Alhamis, gab da shan ruwa

Hadari ya taso daga gabas. Iska, ƙura, sannan ruwa! Mata suna guɗa, yara tsirara a kan hanya. Ya ɗauke kafin a kira magariba. Kunnena ya ce mini wani abu game da ƙarar kwano, amma ba da kunne ake aunawa ba. Sai da safe.

Juma'a, 15 ga Yuni, hantsi

Milimita bakwai.

Na auna sau biyu. Na tona a wuri uku. Damshin yatsa uku ne, ƙarƙashinsa rairayi kamar toka. An koya mana, na kuma gani da idona a watan Mayu: a irin wannan ƙasa, in ruwa bai kai ashirin ba, iri zai tsira, saiwa ta sauka ta tarar da bushe, ya mutu. Wanda ke cikin rumbu ya fi shi rai.

Ƴan samariya, ƙungiyar matasa ta gwamnati, sun zaga da ganga: gobe kowa gona. Na shiga gida na tarar Baffa ya sauko da dami biyun, A'i matarsa ta kawo turmi za a sussuke.

Na durƙusa na ce, "Baffa, bakwai ne."

"Bakwai mi?"

"Bai isa shuka ba. Ka tona ka gani."

"Na tona tun kana kwana. Yatsa ukku ne."

 Na zo da shirin koya masa abin da ya riga ni sani.

"Jiya na gan ka," ya ce. "Ka juya riga, har da hawaye. Munka roƙa, anka ba mu. Yau kuma mu naɗe hannu mu ce mishi bai isa ba? Da wane baki za mu koma roƙo? Wanda Ya ba da ukku Shi ka cika sauran. Amma sai Ya ga mun amsa."

Na ce a shuka ɗaya a bar ɗaya. Ya ce ba a amsa sallama da rabin baki.

Sai na ji bakina ya ce, "To a ba ni rabon Baba."

A'i ta saki taɓarya. A nan, wanda ya nemi rabon ubansa na iri ya raba gandu ke nan, da gona da tukunya da komi. Na san haka. Ba zan ce ban sani ba.

Baffa ya daɗe yana kallona. Ya ɗauki dami ɗaya, ya kawo ya ajiye a gabana a hankali. Da jifa ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Ga na Mamudu," ya ce. "Allah Ya jiƙanshi, bai ga wagga rana ba."

Inna ta shige ɗaki.

Juma'a, bayan magariba

Muna ƙofar kanti ana sauraron rediyo. Ta ce: Tsamiyar Gambo, ashirin da bakwai.

Bakwai na aika. Da hannuna na rubuta, da lamba da haruffa. Rediyo abin da aka ba ta take karantawa.

Wani ya ce, "Mushe, kai da rediyo wa ke ƙarya?" Na ce bakwai ne. Na faɗa da ƙarfi, don an tambaye ni da ƙarfi.

Asabar, 16 ga Yuni, azahar

Sifiri.

Gari ya watse gona. Daga bayan lakwal ina hangen su, maza a gaba suna saran sungumi, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ban taɓa kallon shuka daga nesa ba. Tana da kyau.

Amsar da ya kamata in ba Baffa sai yau ta zo mini, ina alwala. Wanda ya roƙi tuwo aka miƙo masa ruwan wanke hannu, ba ya raina shi, ba ya kuma cewa ya ƙoshi. Sai ya ce alhamdu lillahi, ya wanke hannu, ya jira. Kullum haka nake. Amsa takan iske ni bayan an tashi kasuwa.

Litinin, 18 ga Yuni, la'asar

Sifiri jiya, sifiri yau.

Saƙo ya zo daga hukuma. An ji wai wani ma'aikacin gwamnati yana ƙaryata rediyo yana hana talakawa shuka. Ana nemana gobe, da gilashin awo a hannu. Ban hana kowa ba sai Baffa, shi ma bai hanu ba. Lambar kuwa tambayata aka yi.

Na ari kwalbar man gyaɗa ta Inna, ta lita, na wanke. Na riƙa zuba ruwa daga gilashin milimita ɗaya-ɗaya ina karcewa da ƙusa. Ta cika a ashirin da biyar. Na sake gwadawa, ya yi daidai.

Na kai wa Inna damin na ce ta riƙe. Ba ta dube ni ba. Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, amma wannan shirun daban ne. Ta dai tura shi ƙarƙashin gadonta.

Ba tsoro nake ji ba. Zane na sha huɗu ne kawai ya ɗan karkace, sai da na gyara.

Juma'a, 22 ga Yuni, la'asar

Na dawo. Kwana uku suka tsare ni.

Sifiri duk kwanakin, in ji Inna. Ta ce kowace safiya takan leƙa, ko ƙadangare bai yi fitsari a ciki ba.

Asabar, 23 ga Yuni, hantsi

Sifiri.

Hula nake sawa yanzu, har cikin ɗaki. Gashin da suka aske zai fito.

Ba zan rubuta komi game da can ba. Abu ɗaya kawai: rana a tsakar gidan da ba naka ba ta fi ta gona zafi, don ba abin kallo sai bango. Ban karya azumi ba, ko da aka miƙo mini moɗa a hannu ɗaya da biron sa hannu a ɗayan. Ban karɓi ko ɗaya ba.

Gilashin ya zauna can. An ce in huta a gida sai an neme ni. Gwangwanin sun bar shi, bai shiga jakar mobilet ba.

Shuka ta fito. Gonar Baffa kore shar, layi-layi kamar an ja da zare. Na wuce gindin tsamiya wani ya ce, "Mushe, bakwai ta tsira fa." Na ce Allah Ya raya. Aka ce amin da wata irin murya.

Ga abin da ya hana ni sakat. In aka yi ruwa gobe, shukar nan ta rayu, ni ne wawan da ya raba gidan ubansa a banza, aka kuma aske shi a banza. In ba a yi ba, na yi gaskiya, gari ya rasa iri. Da asuba na ɗaga hannu zan roƙi ruwa, sai na tsaya na binciki zuciyata kamar yadda nake duba gilashi, ido daidai da zane. Da gaske nake so? Na tarar da wani abu a ƙasa, ɗan kaɗan, mai son a ce Isufu, wato ni, ya faɗa. Na roƙi Allah Ya kwashe shi, sannan na roƙi ruwa. Ban tashi ba sai da na ji na roƙa da gaske.

Litinin, 25 ga Yuni, bayan azahar

Sifiri.

Liman ya zo har ɗakina, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in cire hula. Ya duba, ya ce wanzamin nan bai iya aiki ba, kada in ƙara zuwa wurinsa.

Ya zauna. Can ya ce, "Ni ma na tona, ran Juma'ar nan."

Na ce to me ya hana shi faɗa, Malam? Da shi ya faɗa da an ji.

"Ɗana, ina addu'a mutum na tsaye bayana da bindiga a ƙugu. Ruwa ya zo a ranarshi. In tashi in ce ruwan Kumandan bai isa ba? Kai dipulom gare ka, yana cikin kanka. Ni rawani gare ni, yana bisa kai. Warware shi ba wuya."

Na bar zancen a nan. Shi ya koya mini karatu.

Na tambaye shi abin da ke cina: ƙin shukar da na yi, raina kyauta ne? Ya ce ni me na gani. Sai na ba shi maganar ruwan wanke hannu. Ya yi dariya har haƙoransa biyu suka fito, ya maimaita ta a hankali kamar mai hadda.

Da zai fita ya ce faifan nan na uwargidansa ne, ya ce mata ta bari. "Mai bayarwa Ya san adadin abin da Ya bayar," in ji shi. "Kai dai bin sawu kake."

Laraba, 27 ga Yuni, azahar

Sifiri.

Ganye ya fara naɗewa. Na hango Baffa tsaye tsakiyar gona, hannuwa a baya, ba ya komi.

Na sake dubawa ko zan samu daɗi a raina. Ban samu ba. Alhamdu lillahi.

Asabar, 30 ga Yuni, ranar Salla, la'asar

Sifiri.

An sauko idi ba ganga. A huɗuba Liman ya ce, ya ku jama'a, wanda ya roƙi tuwo aka miƙo masa ruwan wanke hannu, kada ya raina, kada kuma ya ce ya ƙoshi. Dattawa suka gyaɗa kai, wani ya ce kai, Malam teku ne. Bai ambaci sunana ba. Ban damu ba.

Na damu kaɗan.

Na je gaida Baffa. Ya ce, "Mushe, an yi salla lahiya?" kamar yadda ake ce wa baƙon da ya sauka a zaure. Gonaki sun koma rairayi, ba wanda ya ɗauko zancen.

Tukunya biyu ake ɗorawa a gidanmu yanzu, duka biyun anza ce a ciki. Jikokin Baffa suna zaune jikin turmi suna lasar taɓarya. Ban iya kallo ba. Na shiga wurin Inna na ce ko za a ciro zangarniya biyar daga damin a dama musu fura, albarkacin Salla.

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun ranar.

"Ka raba gida a kanshi. An aske ka a kanshi. Yanzu ka ce a dama? Kai, tashi ka ba ni wuri."

Na tashi. Ban san a wane ɓangare take ba sai yau.

Lahadi, 1 ga Yuli, hantsi

Sifiri.

Talata, 3 ga Yuli, la'asar

Sifiri.

Bature ya zo. Bai kunna taba ba, ko da yake yanzu ba azumi. Ya daɗe yana kallon hulata.

"Biyu na ƙara a gaba," ya ce. "Biyu kawai, mon cher. Ƙaramar lamba. An ce mini ba a roƙon ruwa gaban Kumandan a samu bakwai. Ƴaƴana shida."

Na ce na san yawan ƴaƴansa.

Ya ce har yanzu ƙofa a buɗe take. In rubuta layi ɗaya cewa idona ne ya yi kuskure, gilashi ya dawo, albashi ya dawo, a manta. Ya ce shukar ta riga ta mutu, lambar ba ta ƙara kashe komi.

Na yi tunani da gaske, don albashin nan Inna ce ke cinsa. Amma in na ce idona ya yi kuskure ranar, duk lambar da na aika bayan haka ta zama ta wanda ya fi ƙarfi. Wata rana wani a wani gari zai ji rediyo ya sauko da daminsa na ƙarshe. Na ce bakwai ne.

Ya yi tsaki. "Ka san mene ne? Kai kana da wanda kake tsoro fiye da Kumandan. Ni ba ni da shi. Kada ka ɗauka jarumtaka ce, Marabu. Sa'a ce."

Wataƙila ya yi gaskiya. Muna makaranta mun sha musu a kan ƴanci har makogwaro ya bushe, wai mutum ya yi abin da ya ga dama ba mai tsare shi. Bature ba abin da ya ɗaure shi, shi ya sa kowa ke iya jansa. Ni a ɗaure nake a turke ɗaya, kamar akuyar Inna. Iyakar igiyar nan dai tawa ce, ba mai kora ni gaba da ita.

Ya bar wa Inna ƙullin sukari. Ta karɓa, ta kai wa jikokin Baffa.

Alhamis, 5 ga Yuli, bayan la'asar

Sifiri da safe. Yanzu gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta kwanta. Ba mai guɗa. Kowa tsoron buɗa baki yake.

Ya sauko. Ba zan ce komi ba sai da safe.

Juma'a, 6 ga Yuli, bayan magariba

Da asuba na fito daga masallaci na ɗauki kwalbar Inna. Daga nesa na ga mutum tsaye jikin gwangwani, da sungumi a kafaɗa. Baffa ne. Bai taɓa zuwa filin nan ba.

Na gaishe shi. Ya amsa yana kallon gabas.

"Mi ya ce?"

Na juye. Kwalba ta cika har zanen ƙarshe. Na zubar a gindin ƙarfen, na sake juye sauran, na ɗaga daidai ido.

"Talatin da ɗaya."

"Na rediyo ko na gaskiya?"

"Na kwalbar Inna."

Ya ajiye sungumi, ya durƙusa da ƙyar, ya tura hannu cikin ƙasa. Yatsu suka shige, tafi ya shige, har ya wuce wuyan hannu, yana fito da ƙasa baƙa mai dunƙulewa. Ya tashi. Shi da sungumi ba iri, ni da iri. Na san zai mutu a tsaye a nan kafin ya roƙi ɗan ƙanensa abin da ya ajiye masa a gaba da hannunsa. Ni ma, in faɗi gaskiya, ba zan ce na yi kuskure ba, don ban yi ba.

Sai na faɗi wata gaskiyar. "Baffa, ban iya saran sungumi ba. Layina karkacewa yake."

"Na sani," ya ce. "Ubanka ma haka."

Ya miƙo hannuwansa biyu, duk laka, ya nuna kwalbar da haɓa.

"Zubo mini."

Na zuba masa milimita shidan da suka rage. Ya wanke, ya yarfe, ya ɗauki sungumi ya nufi gonar gandu, bai waiwayo ba. Bai ce in biyo shi ba, bai kuma ce in tsaya ba.

A bakin gona muka tarar da Inna da A'i. Sun sussuke damin tun da asuba, a turmi ɗaya, irin yana cikin babbar ƙwaryar gandu. Inna ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta ajiye ta a gaban Baffa. Ya ɗebo a ƙoƙo ya miƙo mini.

Shi a gaba yana sara, ni a baya ina jefawa da yatsa uku ina rufewa da diddige. Da azahar ya juyo ya ce, "Isuhu, kana zuba da yawa, ba na gwamnati ba ne." Na rage.

Dami ɗaya bai rufe rabin gonar ba. Ya ware kimanin ƙwayar zangarniya goma ya aika gidan Liman a raba wa waɗanda ba su da ko ƙwaya, bai tambaye ni ba, tunda shi ne maigida. Damina ta yi latti. Ban san ko geron nan zai kai ba, ba kuma ma'aunin da zai faɗa mini. Bayana yana ciwo, diddigena ya tsage.

Gobe zan duba gwangwani. Ba inda zan aika lambar. Baffa ya ce in riƙa faɗa masa.